Nazarin lamari: Porsche Boxster da ruɓaɓɓen ganye ya cinye wa lagireto

Motar da inda take kwana

Motar Porsche Boxster ce ƙirar 2002, daga zubin farko mai lamba 986 wanda aka ƙera tsakanin 1996 da 2004. Kujera biyu gare ta, inji mai silinda shida, lita 2.7, giyar hannu. Mai ita mazaunin wani gari ne a tsakiyar Ingila. Ya saye ta a hannun wani bayan ta haura shekara 15, ta kuma ci tafiyar da ta ɗan wuce mil 70,000.

Sai an san yadda aka tsara motar kafin a gane abin da ya same ta. Injin yana tsakiya, bayan kujeru, amma lagireto yana can gaba. Kuma guda biyu ne, ɗaya a kowace kusurwar bamba, dab da gaban taya. Dogayen bututu ne ke bi ta ƙarƙashin mota suna kai ruwan zafi gaba, su dawo da shi bayan ya huce, shi ya sa ruwan da motar ke ɗauka ya wuce lita 15. Samfurin S yana da lagireto na uku a tsakiya, wannan kuwa ba ta da shi. Tsarin gaban nan kusan ɗaya ne da na Porsche 911 mai lamba 996, wadda ta fito a 1997 a matsayin 911 ta farko da ake sanyaya injinta da ruwa, don haka ciwon da za a bayyana a nan na gidan ne gaba ɗaya.

Idan aka bi iska daga waje, ta kowane gefe tana shiga ta bakin bamba, inda babu komai sai 'yan sandunan roba a kwance, tazararsu ta isa yatsu su wuce. Daga nan sai wani kwaroron roba mai kama da mazurari ya tattara ta ya kai ta ga kwandensar esi, wato ɗan siririn lagireton da ke sanyaya gas ɗin esi. Bayan kwandensa akwai rata wadda ba ta fi kaurin yatsa ba, sannan lagireto, sannan fankar lantarki, sai iskar ta fita ta wajen gaban taya. Bakin bambar yana ƙasa sosai, kusa da kwalta. Duk abin da motar gaba ta tayar, ganye, guntun taba, tsakuwa, leda, gashin tsuntsu, nan yake faɗawa, kuma babu ƙofar fita. Iska ce kaɗai ke wucewa.

Motar ba ta da gareji. A farfajiyar gida take kwana, hancinta na kallon shingen bishiyoyi. A Ingila ganye na zuba daga Oktoba zuwa Nuwamba, ruwan sama ba shi da lokaci, kuma da sanyi ya kama hukumomi ke watsa gishiri a kan tituna don kada ƙanƙara ta daskare. Takardun sabis da aka miƙa wa mai motar sun nuna canjin baƙin mai, birki da tayoyi a kan kari. Babu inda aka rubuta cewa an taɓa cire bamba. Gwajin MOT da ake yi wa motoci kowace shekara ma ta ci shi ba tare da wata magana ba, domin mai gwajin ba ya kwance komai.

Yuni, shekarar farko: esi ya daina sanyi

Alamar farko ba daga inji ta zo ba. Da zafi ya shigo, aka kunna esi, sai iska mai ɗumi. An kai motar wani shagon tayoyi da ke cika gas. Suka zuƙe iskar da ke ciki, injinsu ya riƙe na 'yan mintoci bai nuna yoyo ba, suka zuba gas ɗin esi mai suna R134a kimanin giram 850, sanyi ya dawo.

Mako biyar ya yi. Aka koma, aka sake cikawa, wannan karon da rinin da ke ƙyalli a ƙarƙashin fitila ta musamman. Da aka haska ta bakin bamba ba a ga komai a fuskar kwandensa ba, sai wani duhun danshi a kusurwar ƙasa ta gefen hagu, can ciki inda kwaroron ya tsuke. Mai shagon ya ce mai yiwuwa ruwan titi ne. Kafin ƙarshen Agusta gas ya sake tafiya. Tunda zafin Ingila ba ya daɗewa, kuma motar ana buɗe rufinta, mai ita ya bar maganar esi sai baɗi.

A duk wannan lokaci allurar zafin inji tana inda ta saba, kaɗan sama da digiri 80.

Oktoba zuwa Disamba: shara ta bakin bamba

Da ganye ya fara zuba, mai motar ya leƙa bakin bamba ya ga tari. Ya samo siririn tiyo ya ɗaura a bakin injin zuƙe shara, ya riƙa cusawa tsakanin sandunan. Ya fitar da busasshen ganye da yawa, har fuskar kwandensa ta fito fes. Haka ya riƙa yi kusan kowane mako biyu.

A Nuwamba ya ƙara da injin wanki mai feshin ƙarfi, irin na wanke daɓe. Ya saita bakinsa cikin bamba ya fesa ta kowane gefe. Baƙin ruwa ya gangaro ƙasa, wanda ya sa ya ɗauka cewa wurin ya wanku. Abin da feshin ya yi a ciki ba a gan shi ba sai bayan wata biyar.

Maris, shekara ta biyu: ruwa ya fara raguwa

Wata safiya jar fitilar da ke ƙarshen gejin zafi ta fara ƙiftawa a hankali. A wannan mota ƙiftawa a hankali na nufin ruwa ya yi ƙasa a tanki, ba wai inji ya ɗau zafi ba. Tankin yana cikin but na baya. Aka duba, ruwa ya sauka ƙasa da layin ƙarshe. Aka ƙara rabin lita.

Zargi ya fara sauka a kan abubuwan da aka san su da laifi a 986. Murfin tankin yakan saki tururi idan ya tsufa, sai aka sayi sabo. Shi kansa tankin na roba ne, yakan tsage, ruwa ya taru a ƙarƙashin shimfiɗar but. Aka ɗaga shimfiɗar, a bushe take. Aka duba famfon ruwa ta bayan kujeru, babu ɗiga, babu ƙara. Aka duba baƙin mai ko ya gauraya da ruwa, lafiya lau.

Bayan mako uku fitilar ta sake ƙiftawa. Wani ya ba da shawarar a zuba maganin toshe yoyo da ake sayarwa a kwalba, aka zuba. Raguwar ta yi sauƙi na kimanin kwana goma, sannan ta dawo yadda take, wajen rabin lita a mako uku. Ba a taɓa ganin ɗigo a ƙasa inda motar ke kwana ba. Sai dai idan aka dawo daga tafiya aka tsaya kusa da tayar gaba ta hagu, ana jin wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, wanda duk bakanike ya san na ruwan lagireto ne idan ya taɓa abu mai zafi.

Afrilu: an cire bamba

Aka kai motar garejin da ya saba da Porsche. Abu na farko da bakaniken ya yi shi ne ɗaura famfon gwaji a bakin tanki, inji a sanyaye, ya hura har matsi ya kai kusan bar 1.3. Cikin minti 15 allura ta sauko a fili. Ya ce a cire bamba.

Aikin ba shi da wuya, yawan kusoshi ne kawai. Ana buɗe but na gaba a cire murfin robar da ke kan makulli, a kwance kusoshin saman. Akwai wasu a jere ta ƙarƙashi, akwai na cikin madigadi, akwai kuma waɗanda suka ɓuya a bayan fitilun gefe, sai an zare fitilun ake ganinsu. A cire na'urar auna zafin waje daga mazauninta. Sannan mutum biyu su ja bambar gaba a hankali, su ajiye ta a kan bargo don kada fenti ya karce. Kwaroron robar kowane gefe yana riƙe da 'yan kusoshi masu kan tauraro. Ga wanda ya saba, daga farawa zuwa ganin kwandensa tsirara bai kai awa ɗaya ba.

Da aka janye kwaroron hagu, sai ga curin baƙar ƙasa a kusurwar waje ta ƙasa, a jiƙe sharkaf, alhali an yi kwana huɗu ba ruwan sama. Ganyen shekaru ne ya ruɓe ya zama taki, ya haɗu da yashi da gishirin titi. Tiyon injin shara bai taɓa isa can ba, domin lagireton a karkace yake zaune, kusurwar tana bayan lanƙwasar kwaroron.

Babban abin yana baya. Kwandensa tana riƙe a jikin lagireto da kusoshi biyu da wani ɗan harshe da ake zurawa. Idan aka kwance, ana iya janye ta gaba 'yan santimita ba tare da an taɓa bututun gas ba. Ratar da ke tsakaninsu ta cika maƙil daga ƙasa zuwa kusan sulusin tsayin lagireton. Abin da aka kwashe daga ɓangarorin biyu ya kusa cika rabin bokiti mai lita 10, kuma na hagu ya fi yawa. Hagu ne gefen da ke bin bakin titi a Ingila, inda ganye da ruwa ke taruwa.

Ga abin da aka gani bayan an share:

Kwandensar hagu ta huje a layukan ƙasa, rinin da aka zuba a bara yana ƙyalli a bayanta, ɓangaren da ba a gani daga waje. Siraran ɓawon alminiyam da ke tsakanin bututunta sun zama gari, ana shafawa suna zuba. Ta dama ba ta huje ba tukuna, amma ƙasanta ya kumbura da farin gari.

A fuskar kwandensa biyun akwai faffaɗan wuri inda siraran ɓawon suka kwanta suka rufe hanyar iska. Aikin feshin Nuwamba ke nan. Feshin ya kuma tura laka ta cikin saƙar kwandensa zuwa ratar, ya daddanne ta.

Lagireton hagu yana tsattsafo a kusurwar ƙasa, inda bututun alminiyam suka shiga tankin robar gefe. Wurin ya yi ɓawon ruwan hoda da fari. Ruwan da ke fita takin ne ke shanye shi, zafi ya busar, shi ya sa bai taɓa ɗiga ƙasa ba. Na dama ya riƙe matsi, amma layukansa na ƙasa sun bubbuɗe sun lanƙwashe.

Fankar hagu ba ta juyawa a ƙaramin gudu. Fankokin nan gudu biyu gare su. Ƙaramin yana bi ta wani rizisto, abin rage ƙarfin lantarki, da ke maƙale a ƙasa kusa da lagireto, inda ruwa da gishiri ke dukansa. Ƙaramin gudun yana tashi idan an kunna esi ko ruwa ya kai wajen digiri 97, babban kuma wajen 102. Riziston hagu ya ƙone, kuma da yake an daina kunna esi tun bara, babu wanda ya lura.

Afrilu zuwa Mayu: gyara

Mai motar ya so a canja na hagu kawai. Bakaniken ya nuna masa ƙasan na dama, ya kuma tuna masa cewa duk ranar da ya fashe sai an sake cire bamba, an sake zubar da ruwa, an sake zuƙe gas. Aka amince a canja huɗun: lagireto biyu, kwandensa biyu. Aka haɗa da sabon rizisto, sababbin zoben roba na mahaɗar gas, ƙananan tiyo da suka taurare, da tukunyar busar da danshi ta esi, wadda ake canjawa duk lokacin da tsarin ya daɗe a buɗe ko ya yi yoyo. Ƙarafan da ke riƙe lagireto sun yi tsatsa, aka kankare su aka shafa fenti.

Saboda maganin toshe yoyo da aka zuba, ba a tsaya ga matse tiyo a canja lagireto kawai ba. An juye ruwan duka, aka ɗauraye tsarin sau biyu, har da ƙaramin lagireton hita, wanda ramukansa ƙanana ne kuma irin wannan magani ya fi son toshewa. Sannan aka zuba ruwan lagireto mai launin ruwan hoda irin wanda kamfanin ya tanada, rabi da rabi da tataccen ruwa. Ruwan famfo ba ya shiga, saboda gishirin da ke cikinsa.

Cika ruwa a wannan mota yana da tarko. Bututun suna da tsawo, suna hawa suna sauka, iska na maƙalewa a ciki, kuma kumfar iska a kan silinda tana iya sa wuri ɗaya ya yi zafin da geji ba zai nuna ba. Garejin ya yi amfani da na'urar da ke zuƙe iska daga tsarin gaba ɗaya har tiyo su shafe, sannan ta ja ruwa ya cike gurbin. Wanda ba shi da ita yana ɗaga ɗan maƙalin ƙarfe na bawul ɗin fitar da iska da ke kusa da tanki, a ƙarƙashin murfin roba, ya bar shi a tsaye yayin da inji ke ɗumama, ya riƙa ƙara ruwa, ya kuma sake dubawa bayan tafiya biyu ko uku.

An zuƙe tsarin esi na rabin awa, ya riƙe, aka zuba gas. A Birtaniya doka ta hana sakin wannan gas a iska, sai mai takardar shaida ke kwashe shi da inji.

Kafin a mayar da bamba an ɗauki ma'auni da na'urar da ake cusawa a soket ɗin OBD, inda ake karanta bayanan kwamfutar mota, domin allurar gaban direba ba ta nuna ƙananan sauye-sauye. A babbar hanya, a gudun mil 70 cikin awa, zafin waje 18, ruwa ya tsaya tsakanin 89 da 90. A tsaye, inji na aiki, yana hawa zuwa 97, fanka biyu su tashi, ya sauko.

Yuli: ragar farko

Bayan kuɗin da ya kashe, mai motar ya ƙudura cewa ko ƙwayar yashi ba za ta sake shiga ba. Ya sayi fallen alminiyam mai huda-huda, ramuka zagayayyu masu faɗin milimita 3, tazarar tsakiyar rami zuwa na kusa milimita 5. Ya yanka daidai bakin bamba, ya fesa baƙin fenti, ya ɗaure ta ciki. A ido ya yi kyau.

Irin wannan falle, kashi 33 cikin 100 ne kawai na fuskarsa rami. Sauran kashi biyu cikin uku bango ne. A rana mai zafin 28, a hanyar da aka yi ma'aunin farko, ruwa ya kai 97 motar na gudu, abin da a da sai a tsaye yake yi. A cunkoso ya haura 102, fanka suka koma babban gudu suka ƙi sauka, ana jin kukansu daga cikin mota. Sanyin esi ma ya ragu a tsaye, tunda iskar da ke sanyaya kwandensa ita ce aka shaƙe. Bayan mako biyu ƙwari da audugar furanni sun liƙe wani ɓangare na ramukan, abin ya ƙaru. Inji bai tafasa ba, jar fitila ba ta kama ba, amma an cire fallen kafin wata ya cika.

Agusta: raga ta biyu

Wannan karon an yi lissafi kafin a saya. A saƙaƙƙiyar raga mai ramuka murabba'i, ana raba faɗin rami da jimillar faɗin rami da kaurin waya, a ninka sakamakon da kansa. Rami milimita 6, waya milimita 1: shida bisa bakwai, idan aka ninka da kansa, ya ba da kashi 73 cikin 100. Ita aka zaɓa, ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Akwai kamfanoni a Birtaniya da ke sayar da irinta a yanke daidai da kowane samfurin Porsche, wasu ma ana maƙala su ta waje ba sai an cire bamba ba. A nan an yanka da hannu.

An sake cire bambar aka kifa ta a kan bargo. Aka zana bakin kowane gefe a kwali, aka ƙara santimita 2 a kewaye don lanƙwasawa. Aka yanka da almakashin ƙarfe, aka naɗe gefunan ciki, aka sa musu robar baki don kada tsinin waya ya ci kwaroron ko hannun mai aiki. Aka ɗaure ragar a bayan sandunan roba da igiyoyin roba baƙaƙe masu jure rana, guda takwas a kowane gefe, aka ƙara ɗigon gam mai ƙarfi a kusurwoyi don kada ta yi kaɗawa. An kula da abu biyu. Kada a bar rata a gefe ko a ƙasa, domin ganye ta nan zai zagaya. Kuma kada ragar ta taɓa kwandensa ko bututunta: gogayya za ta huda alminiyam, ga shi kuma idan ƙarfe iri biyu suka haɗu a cikin ruwan gishiri, alminiyam ne ke narkewa. An bar na'urar auna zafin waje a inda iska ke samunta.

A hanya ɗaya, gudu ɗaya, zafin waje 24, ruwa ya tsaya tsakanin 90 da 92. A cunkoso fanka na tashi a ƙaramin gudu su sauka kamar yadda suka saba.

An kuma sauya yadda ake ajiye motar: da baya ake shiga farfajiya, hancinta na kallon titi, ba shingen bishiyoyi ba.

Disamba na shekara ta biyu da na ta uku: dubawa

A tsawon kaka ganye na mannewa a fuskar ragar, ana share shi da hannu ko burushi kafin a tashi. A farkon Disamba, bayan bishiyoyi sun gama zubarwa, aka cire bamba aka janye kwandensa. Babu ganye ko ɗaya a ciki. Amma a kusurwar ƙasa da cikin ratar an sami yashi, ƙananan tsakuwa, 'ya'yan itatuwa da gutsattsarin ganye, wajen cikin kofin shayi a kowane gefe. An zuƙe da injin shara, aka bi da burushi mai laushi ana bin tsawon siraran ɓawon, ba a gicciye ba. Sannan aka wanke da tiyon lambu, ruwa a hankali, daga bayan lagireto zuwa gaba gwargwadon yadda fanka ta bari, don dattin ya fita ta inda ya shigo. Aka bar wurin ya bushe kafin a rufe.

A Maris, da aka daina watsa gishiri, an ɗauraye ta bakin bamba da tiyon lambu kawai, ba a kwance komai ba.

Disamban da ya biyo baya an maimaita. Dattin bai fi na bara ba. Alminiyam yana nan da haskensa, babu farin gari. Igiyoyi biyu sun tsinke aka sauya su. A fuskar ragar hagu akwai wata lotsawa mai girman kan yatsa inda dutse ya buga. Ruwan tanki bai motsa daga layinsa ba tun Mayun shekara ta biyu, esi kuma bai nemi ƙarin gas ba.

Abin da lamarin ya nuna

Toshewar iska ba ita ta kashe lagireton nan ba. Sulusinsa ya toshe amma allura ba ta gusa ba, domin an yi wa motar lagireton da zai ishe ta a gudu mai tsanani cikin zafi, tuƙin yau da kullum a sanyin Ingila kuwa ɗan kaɗan yake ci daga wannan rarar. Wanda ke jiran geji ya gaya masa lokacin shara zai daɗe yana jira. Danshi ne ya yi ɓarnar. Alminiyam yana kare kansa da wata siririyar fata da yake yi idan ya haɗu da iska. A ƙarƙashin jiƙaƙƙen taki iska ba ta isa, ruɓaɓɓen ganye yana da tsami, gishiri kuma yana fasa fatar nan a ɗigo-ɗigo ya riƙa haƙa rami. Kaurin bangon bututun bai kai rabin milimita ba. Kwandensa ce ke fara faɗuwa saboda ita ce a gaba, kuma matsin da ke cikinta yakan wuce bar 10 idan esi na aiki, na lagireto kuwa bai fi ɗaya da 'yan kai ba. Saboda haka mutuwar esi a watan Yuni ita ce sanarwar, wata tara kafin ruwa ya fara raguwa. Da an cire bamba a lokacin, akwai kyakkyawan zaton cewa kwandensa ɗaya za a saya, ba abu huɗu ba.

Cika gas sau biyu asarar kuɗi ne, kuma gwajin 'yan mintoci da injin shago ke yi ba ya kama ƙaramin rami. Shara ta bakin bamba tana da amfani, amma tana share wurin da ba shi ne matsalar ba, ta kuma kwantar wa mai mota da hankali a banza. Feshin ƙarfi ɓarna ce zalla. Maganin toshe yoyo ya sayi kwana goma, ya jawo wankin tsarin gaba ɗaya. Fallen huda-huda kuwa ya hana datti ta hanyar hana iska, kuma shi kaɗai ne a duk labarin ya sa injin ya yi zafi da gaske.

Raga mai ramin milimita 5 zuwa 6, wadda aƙalla kashi biyu cikin uku nata a buɗe yake, ta tsayar da ganye da manyan duwatsu a kan farashin digiri ɗaya ko biyu. Wanda ke kai motarsa filin tsere ya kamata ya auna da kansa kafin ya yarda da wannan farashin, don a can rarar sanyin tana ƙarewa. Ragar ba ta soke cire bamba ba, ta dai mayar da rabin bokiti cikin kofi. Haɗarinta ma shi ne ta sa mutum ya ce an gama, alhali yashi da gishiri suna wucewa ta ramin milimita 6 ba tare da sun tsaya ba, ga shi kuma yanzu tiyon injin shara ba ya shiga.

Wanda ya sayi irin wannan mota da ta yi shekaru a Turai, ko ta Legas ta sauka ko ta Kwatano, takin can yana nan a ratar ya biyo ta cikin jirgi. Kafin a cika mata gas, a cire bamba a janye kwandensa, a duba kusurwar ƙasa ta kowane gefe, a kunna esi a tabbatar fanka biyun suna juyawa a ƙaramin gudu.